Ni na ba Baba ƙwayar, amma hayaƙin matar yayana ake zargi

Assalamu alaikum 'yan gurup, admin na roƙe ki ki ɓoye sunana da lambata. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya cika min ciki ban faɗa wa kowa ba, kuma kwana huɗu kacal suka rage min in yi magana ko in yi shiru har abada.

Ni mace ce, shekarata talatin da shida, mijina ya rasu na dawo gidanmu a Umbadda, nan Sudan, da 'ya'yana mata biyu. Kisra nake yi, wainar dawan nan tamu mai faɗi, ina kaiwa Kasuwar Umdurman, duk wadda ta san zaman gaban kasko tun asuba ta san yadda baya ke ƙagewa. A gidan akwai Baba da Inna, sai yayana wanda shi ke riƙe da mu duka, da matarsa, zan kira ta Hawwa ko da yake ba sunanta ba ne. Yarinya ce mai sanyin hali, in kika taka ta ita za ta ce miki malesh, wato yi haƙuri.

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, asma kuma, wadda nan muke ce wa azma, da girmansa ta kama shi. Hancinsa kullum a toshe, likita ya ce tsiro ne a ciki, shekaru ba ya jin ƙamshi ba ya jin wari, har muna tsokanarsa cewa shi kaɗai ne mijin da miya za ta ƙone ya ce masha Allah. Abin shaƙa biyu gare shi, shuɗi na buɗe ƙirji idan abin ya taso, wannan ba ya barin aljihun jallabiyarsa, da mai launin ruwan ƙasa na safe da yamma, wanda sai an yi ta fama da shi yake shaƙa, wai shi bai ga aikin da yake yi ba. Abu ɗaya kowa ya sani a gidanmu, har jikoki, ba a ba Baba asfirin. Ya taɓa sha tun a Jazira, aka ɗauke shi ranga-ranga, tun daga nan farasitamol kawai yake yarda da shi.

Wata biyar da suka wuce, wata ranar Talata, na dawo daga kasuwa na tarar da shi kwance kan angarib, gadon nan namu na igiya, a inuwar rumfa. Bayansa ya riƙe, ko masallaci bai iya zuwa la'asar ba, ya sha farasitamol bai ji komai ba. Ni kuwa ina da ƙwayata ta ciwon baya, dikilofinak, wadda nake sha kamar gyaɗa, na ɓallo ɗaya na kawo masa da ruwa. Ya riƙe ta a tafin hannu yana juyawa, ya ce, “'Yar Baba, ba asfirin ba ce ko?” Na juya bayan takardar na karanta, ban ga sunan ba, na ce a'a, har ina masa dariya wai tsufa ya sa masa tsoro. Ya yi bismillah ya haɗiye.

Ba a yi awa ɗaya ba ya ce bayan ya saki, ya yi ta sa min albarka. Sai hancinsa ya fara zuba, idanunsa suka yi ja, fuskarsa ta yi zafi, na ɗauka mura ce na miƙa masa hankici. Ku riƙe wannan, domin ni kaɗai na gani. Sai bayan haka ne Hawwa ta kunna itacen dukhan, turaren tsugunon nan, a raminta na bayan ɗaki, lokacin tana dab da arba'in da haihuwar ɗanta na fari, tana gyaran jiki irin namu. Dokar Inna ce ba a kunna dukhan in Baba yana gida, Hawwa kuma ta ɗauka yana masallaci kamar kullum. Hayaƙin na tasowa tari ya sarƙe shi, ƙirjinsa na fito, ya yi ta matsa shuɗin nan, na karɓa na matsa masa, ko gezau. Muka sa shi a raksha, keke mai ƙafa uku, muka yi asibiti, kafin magariba Baba ya cika.

A asibiti sun tambayi abin da ya faru, yayana ya ce hayaƙi ne. Sun tambayi magungunan da yake sha, ni da bakina na ce abin shaƙa biyu. Wallahi ƙwayar nan ko a raina ba ta zo ba, ai na duba, ba asfirin ba ce.

Daga ranar Hawwa ta shiga uku. Inna ta daina amsa gaisuwarta, yayana ya daina cin abincinta, sun yi ta faɗa a ɗaki, ko in ce shi ya yi ta faɗa, ita kuka kawai muke ji. Ni ma ban kyauta ba, a zaman makoki gaban mata na ce mata ta fifita ƙamshin jikinta a kan ran ubanmu. Washegari ta ɗebo ƙasa da hannunta, da ɗanyen jikinta, ta cike ramin dukhan ɗin ta daddale. Da aka yi sadakar arba'in yayana ya ce ta je gidansu a Jabal Awliya ta huta, har yau tana can da jaririn.

Sati uku da suka wuce na shiga kantin magani sayen ƙwayata, na tarar da wata sabuwar ma'aikaciya. Kafin ta miƙo min sai ta ce, ina da azma? Na ce a'a, me ya haɗa ciwon baya da azma? Ta ce ai dikilofinak da ibufurofen da asfirin dangi ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta, aikinsu ɗaya. Da ta ji mu mutanen Jazira ne sai ta kwatanta min da ruwan gona. Ta ce jiki yana da wasu sinadarai da yake haɗawa a wurin da ake ciwo, daga tushe ɗaya suke fitowa su rabu hanya biyu, maganin yana toshe hanyar da ke kawo zafi da kumburi, to in ka toshe kwalbati ɗaya ruwan sai ya taru a ɗayar, ita kuma ɗayar sinadaranta matse hanyar numfashi suke yi. Ta ce ba kowane mai azma ba ne, wasu suna sha lafiya lau, amma wanda ta kama da girma, mai tsiro a hanci, wanda ba ya jin ƙamshi, wanda asfirin ya taɓa kayarwa, wannan ko kusa kada a ba shi.

Na yi ƙarya na ce wani maƙwabcinmu ne, na ba ta labarin duka. Ta ce ita ba za ta rantse ba, hayaƙi ma yana tayar da azma, ƙila ma haɗuwa suka yi, amma zubar hanci da jan ido da zafin fuska cikin awa ɗaya da shan ƙwayar, haka abin yake farawa. Na fito ban sayi komai ba, na zauna bakin titi na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Yanzu ga inda aka tsaya. Mahaifin Hawwa, masunci ne a can bakin dam, ya aiko cewa ranar Juma'a a zo a zauna, ko a ɗauki 'yarsa ko a sawwaƙe mata. Yayana ya gaya wa Inna shi kam kalas, ya gama, ba zai iya kallon fuskar wadda ta kashe masa uba ba, takarda zai kai. Jiya da hantsi kuma Hawwa ta kira ni. Na ɗauka zagina za ta yi, ashe gafara take nema, ta ce, “Yaya, ko ya sake ni ba komai, ni dai ku yafe min, na san ni ce.” Ta ce tun ranar ko turaren wuta ba ta iya kunnawa. Na buɗe baki in faɗa mata, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na san ajali ne, ba sai kun tuna min ba, amma ajalin nan a kan wata baiwar Allah aka ɗora shi, kuma ni na taya ɗorawa. Tsoro nake ji. Yayana yana da zuciya, in ya juyo kaina ban san inda zan nufa da 'ya'ya mata biyu ba. Inna tana da hawan jini, ni ce ke kwana ɗakinta, ni ke ba ta magani, in ta ji daga hannuna abin ya fito anya za ta sake karɓar ko ruwa a wurina? Wani lokaci zuciyata ta ce ai ma'aikaciyar ma ba ta rantse ba, ƙila hayaƙin ne, ki yi shiru. Sai in tuna hankicin da na miƙa masa tun ba a kunna wuta ba. Ragowar ƙwayoyin suna nan cikin akwatina, na kasa sha, na kasa zubarwa.

'Yan uwa ku faɗa min gaskiya ko da zagina za ku yi. In fara samun yayana shi kaɗai, ko in kai shi wurin ma'aikaciyar ya ji daga bakinta? Ko in hau mota in je Jabal Awliya kafin Juma'a in durƙusa wa Hawwa tukun? Masu ilimin magani a cikinku, akwai yadda za a ce ba ƙwayar ba ce? Kuma in ku ne, da wane baki za ku gaya wa Inna cewa Baba ya tambaya kafin ya sha, ni ce na ce masa a'a?