Auta na son karatun tsaron intanet, ni kuma na yi mata dariya

Malama, ki taimaka mini, bakina ne ke neman yanka mini wuya.

Ni mai gyaran kwaɗo da yankan makulli ne, shekara ashirin da biyu a rumfa ɗaya. Bokona aji uku ne na sakandare, shi ma malamai ne suka riga ni gajiya. Watan jiya wani mai daɗin murya ya kira ni, wai an yi kuskure an turo wasu lambobi shida wayata, in daure in karanto masa. Ni da nake wuni ina yi wa mutane wa'azin kada su ba kowa makullinsu, na karanto masa tiryan-tiryan, har da tambayar ko in maimaita. Kafin rana ta take ya ƙwace shafina na sada zumunta. Surukina ya iso rumfa yana haki, an rubuta masa daga shafin nawa wai ina kwance asibiti, ya tarar da ni ina hamma.

Autata, mai shekara goma sha bakwai, ita ta karɓi wayar. Ta zauna kan bencin rumfa awa uku, ta ƙwato shafin, ta ƙara masa tsaro, ta bi mutanena ɗaya bayan ɗaya tana gargaɗinsu.

Bayan kwana biyu, ƙannena sun zo gaisuwa muna zaune, sai ta ce tsaron intanet take so ta karanta a jami'a. Malama, yarinyar nan a lissafi gadona ta yi, da ƙyar da jiɓin goshi take hayewa. Kimiyya kuwa a bar kaza cikin gashinta. Ni kuma wasa ba ya giftawa ban tare shi ba. Na ce wadda lissafi ke kora daga aji ce za ta kori ɓarayin duniya? Kowa ya kwashe da dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Tun ranar ba ta sake tada zancen ba, ta daina biyowa ta rumfa in an tashi makaranta. Uwarta ta ga takardar neman gurbin jami'ar a ƙarƙashin katifa ba a cika ba, kuma saura mako uku a rufe.

Ina tsoron in ce ta je, lissafi ya tumurmusa ta kamar yadda ya yi wa ubanta. Na fi tsoron a ce ni na rufe mata hanya. Karatun nan zai karɓi irinta kuwa?

Mai Makulli

Amsa

Baban Auta, tsoronka yana da tushe. Ƙwato shafi ɗaya ba shi ne sana'ar ba. Akwai lissafi a karatun, musamman shekarun farko, akwai rubuta manhaja, kuma yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar wanda bai ci lissafi ba. Ɓangaren ɓoye saƙo da lambobi kuwa lissafi ne zalla.

Amma fannin yana da faɗi. Bin sawun kutse, binciken inda tsaro ya yi rauni da wayar da kan ma'aikata sun fi buƙatar haƙuri, lura da tunani mai tsari. Kimiyyar sinadarai da ta halittu ba su cika shigowa ba. Ka sani kuma, raunin lissafi sau da yawa tushe ne aka tsallake, ko tsoro ne ya kafu, kuma duka suna gyaruwa.

Ku nemo jerin darussan jami'ar da sharuɗɗanta ku karanta tare. Ta gwada darussan farko na kyauta da ke intanet, mako biyu, ku ga ko wahala na ƙara mata naci ko tana kashe mata jiki. A samo mai yi mata bitar lissafi tun daga tushe. In makinta bai kai ba bana, akwai hanyar difloma.

Sai dai duk wannan ba zai taɓa takardar da ke ƙarƙashin katifa ba. Murmushin da ta yi na rufa maka asiri ne. A gaban baffanninta ka rage mata daraja, a gabansu za ka mayar. Ka tara su, ka ce ka yi kuskure, kada ka haɗa da barkwanci ko ɗaya. Na san zai fi lissafi yi maka wuya. Allah ya ba ka iko, ita kuma ya buɗa mata.