An Sa Wa Gadarmu Sunan Abokina

Assalamu alaikum, Malam Abdulbaqi. Don Allah ka taimake ni, akwai abin da ke cin raina wanda ko matata na kasa faɗa wa.

Ina aiki da kamfanin da ke gina wata gada a hanyar Maruta, ƙasar Gwaram. Ni ke tsaye a kan aikin: rodi, siminti, kwaɓi, rigimar leburori, duk ni ne. Abokina Zulkifli, wanda muka yi karatu tare, har ma na fi shi maki, yana ofishinmu na Birnin Kudu. Shi ke riƙe da abin da ake kira tagwayen gini, wato kwafin gadar a cikin kwamfuta. Kullum ni ke ɗaukar hotuna in aika, na'urorin da muka dasa a ginshiƙai su ma su aika bayanansu, sai kwafin ya bi halin da gadar take ciki. Akwai kuma manhajar da aka ɗura wa dubban hotuna har ta koyi gane tsaga.

Ranar da dattawan gari suka zo duba aiki, Zulkifli ya iso da farar shadda, ya buɗe kwamfuta ya nuna musu yadda ruwan Agusta zai wuce ta ƙarƙashi. Suka yi ta kabbara, liman ya sa masa albarka. Ni ina gefe da hular kwano, har wani dattijo ya aike ni ɗauko kujera. Yanzu 'yan acaba Gadar Zulkifli suke ce mata. Jiya mahaifiyata ma haka ta kira ta, a gabana.

Malam, ga inda abin ya kai. Na ga siririyar tsaga a ginshiƙin tsakiya, na ɗauki hoto, ban aika ba. Zuciyata na raya mini in riƙe sai manyan kamfani sun zo, kwamfutarsa na cewa lafiya lau, ni kuma in nuna musu da yatsa. Na san ba kyau. Amma ko sau ɗaya Zulkifli bai ambaci sunana ba.

Mai Hular Kwano, Farin Dutse

Wa alaikumus salam, ɗana.

Mutane da yawa suna ɗauka kwafin kwamfuta shi ke ganin gini da idonsa. Dattawanku haka suka ɗauka, kuma ina jin kai ma ka fara yarda. Ba haka ba ne. Abin da aka ba shi kawai ya sani. Idan ka riƙe hoton, tambayar farko da manyanku za su yi ita ce, aikin wa ne aikawa? A kanka laifin zai faɗa. Wannan ma ƙarami ne. Ka tuna amalanken gero da motar 'yan kasuwa da za su hau gadar. Ƙila tsagar ta bushewar siminti ce, ƙila ba ita ba ce. Ba kishi ne zai tantance ba. Ka aika hoton yau, ka kuma sanar da babban injiniyanku.

Ciwonka na gaskiya ne, ban raina shi ba. Zulkifli ya yi kuskure da bai jawo ka gaban dattawa ba. Sai dai ba shi ya raɗa wa gadar suna ba, kuma mai yiwuwa bai san kana jin zafi ba. Ka same shi ku biyu, ka faɗa masa kai tsaye, ba da habaici ba.

Sannan ina zargin ba albarkar liman kaɗai kake kishi ba, har da ilimin. To, je ka nema! Manhajar nan daga hannun mutane take koyo, sai an zauna an yi mata alama a hoto: wannan tsagar fatar siminti ce, wannan mai haɗari ce. Idonka ya saba da su. Ka roƙi a riƙa ba ka yini guda a ofis, ka zauna kusa da abokinka, ka ce ya nuna maka daga farko ba tare da jin kunya ba. Fara da hoton da ke wayarka, ka ga ko za ta gane abin da kai ka gane.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsayar da ginshiƙin.

Malam Abdulbaqi