Zanen Maharazu a Zaurena

Asabar, 29 ga Mayu, 1999
Yau soja suka miƙa mulki, rediyo sai kururuwa. Ni kuwa jarfa aka miƙo mini. Maharazu, ɗan ƙanwata marigayiya, ya jingine wani ƙaton zane a zaurena. Wai fentin mai ne, yana daɗewa bai bushe ba, kuma duk unguwar Sheshe gidana ne kaɗai babu yaran da za su taɓa. Haka ya faɗa, ko kunya.

Litinin, 31 ga Mayu
Na duba abin. Ba mutum, ba gida, ba ko akuya. Shuɗi da ja ne aka dama, kamar an yi ɓarin baba a marina. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ofishin safiyo, duk layin da na ja iyakar gonar wani ce.

Alhamis, 3 ga Yuni
Ya zo dubawa, da ƙunshin ƙosai. Na ce mene ne wannan? Wai, "Kawu, kai me ka gani?" Na ce asarar fenti. Ya yi ta dariya har da buga cinya.
Da can allunan shaguna yake rubutawa, daga baya ya koma hotunan gwamnonin soja na ratayawa a ofis. Waɗannan ko ba komai suna da hanci. Yanzu wai ya gaji da zana hular wasu, wannan Legas za a kai shi baje koli.

Lahadi, 6 ga Yuni
Warin fenti ya hana ni cin tuwo. Ƙafa ta sake kumbura.

Laraba, 9 ga Yuni
Kullum bayan la'asar yana nan. Ya taɓa gefen zanen da ɗan yatsa, ya zauna ya cika ni da surutu. Yau kan jan layin tsakiya muka yi. Na ce ya karkace, ya ce da gangan. Ƙarya, hannu ne bai iya ba. Rabon da wani ya yi musu da ni tun rasuwar matata Jummai.

Talata, 15 ga Yuni
Wai da ya bushe zai bi shi Legas, ya samu wurin zama a can. Allah raka taki gona.

Juma'a, 18 ga Yuni
Ya ce tunda ni nake wuni da shi, ya bushe ne ya kira mai mota? Tun shekaranjiya na shafa, ƙamas yake. Na ce masa damina ce, can ƙasa da saura, ya ƙara mako. Don dai kada a ce a gidana shirmen ya lalace.