Shuɗin Kwano Naki Ne

Jolene,

Na tarar kina barci mai daɗi, ban so in tashe ki ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, an kira mu wurin aiki mu share ta, sai yamma zan dawo.

Buɗe firji. Jiya da na ga kin tsura wa kwaɓin biskit ɗin ƙanwarki ido har da ƙwalla, saboda likita ta hana ki cin ɗanye sai kin haihu, abin ya tsaya mini a rai. Da safen nan na kira Mama. Ta yi dariya ta ce, "Wendell, kai da ko shayi sai an dafa maka?" Amma ta koya mini yadda ake kwaɓin biskit da za ki iya ci ɗanye. Babu ƙwai ko ɗaya a ciki, madara na zuba a madadinsa. Fulawar kuma sai da na gasa ta sosai ta huce, don ashe ita ma ɗanyarta tana ba da ciwon ciki. Bota, jan sukari, ɗan gishiri, da cakulan har ya fi yadda Mama ta ce.

Ki yi haƙuri da ƙauri a kicin, fulawar farko ta ƙone. Kada ki taɓa farin kwano, na ƙanwarki ne, da ƙwai a ciki. Shuɗin ne naki, ki sa cokali ki ci hankalinki kwance.

Ramin da za ki gani a tsakiya, ni ne. Dole uba ya fara ɗanɗana wa 'yarsa.

Naki,
Wendell