Kilishi Mai Ƙamshin Turare

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin maigida, ya yara, ya zaman baƙunta?

Yaya, sana'ar kwalin wata-wata, wadda nake kai wa masu saye kwalin kaya kowane wata, ta durƙushe. Mai yi mini kwalaye a unguwar Harobanda ya kawo su ba shamaki a tsakiya, ga ranar rabo ta zo. Haka na jera kilishi da turaren wuta wuri ɗaya, zafin Yamai ya ƙarasa sauran. Hajiya Mariama, wadda ta fara yi mini komandi, wato odar kaya, ta kira ta ce, "'Yata, kilishin nan na ci ne ko na turara ɗaki?" Sauran ko kira ba su yi ba, janyewa kawai suka yi.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Naki kwalin ma yana hanya, kada ki ba yara.

Ƙanwarki,
Rabi