Lahadin da Terungwa Bai Zo Ba

Lahadi, 5 ga Mayu, 2024

Terungwa ya zo bayan la'asar da faifansa a aljihu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan muna kallon fim tare duk Lahadi, tun yana gyaran rediyo a ƙarƙashin mangwaro, ni kuma ina sabon ma'aikaci a asibitin dabbobi. Shi kaboyi yake so, ni na ban tsoro. Yau layinsa ne. Tsohon fim, kalar duk ta koɗe: manoma sun ja wayar shinge, masu shanu sun yanke, sai harbi. Ya zungure ni, wai ga kakannina can da malafa. Na ce ai nasa ne suka ja wayar. Wasan Tibi da Bafulatani dai, shi Tibi, ni Bafulatani.

Abin da ke gundurata da kaboyi, a harbe mutum ya faɗo daga doki, shi ke nan. Babu mai zuwa ya gaya wa uwarsa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Layina. Gida mai fatalwa, fim marar kala. An ɗauke wuta a tsakiya. Terungwa ya ce gara haka, wawaye ne duka, ka ji motsi a ɗaki kuma ka ɗauki fitila ka bi. Ni dai tsofaffin sun fi mini. Ba sa nuna dodon, kai za ka ƙera abinka. Na yanzu jini ne kawai, kamar mayanka.

Bayana yana ciwo. Kwana uku ina allurar shanu a Doma.

Laraba, 15 ga Mayu

An kashe Orshi, ƙanin Terungwa, a gonarsa can gaba da Agyaragu. An ce masu shanu ne. Na sha cin sakwara a gidan Orshi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kira Terungwa sau biyu, bai ɗauka ba. Matata Juwairiya ta ce in tashi in je. Na sa takalmi, na cire. Kawu ya aiko kada in kuskura in je wajen binnewa, rai a ɓace yake. Na ji daɗin samun hujja. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bai zo ba.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na sa wani kaboyi ni kaɗai. Jarumin ya rama wa ɗan'uwansa, ya hau doki ya tafi, ana kiɗa. Ƙarya. Su waɗanda ya bari a garin, gobe kasuwa ɗaya za su ci. Na kashe. Na sa na ban tsoro, shi ma ban kai ƙarshe ba. Da ina sonsu ne don dodon ba dangin kowa ba ne. Yanzu kuma... na gaji.

Asabar, 1 ga Yuni

Na hango shi a bakin kasuwa, ya rame. Na sunkuyar da kai kan waya har ya wuce. Da na faɗa wa Juwairiya sai ta ce, "Malam, kai aka yi wa rasuwa ko shi?"

Litinin, 3 ga Yuni

Na kai rediyo gyara unguwar Bukan Sidi. Masu gyara sun cika gari, amma shagon Terungwa ne a hanyata, kusan.

Bai ɗago ba da na yi sallama. Na yi masa gaisuwa.

Ya ce, "Abdulkahar, kwana goma sha tara."

Na ce na sani.

"Ban ce kai ne ya kashe shi ba. Amma na duba hanya ko za ka zo."

Ya ture tarkace daga kan benci, na zauna. Ya ba ni labarin yadda aka tsinci Orshi, da yadda shi da bakinsa ya gaya wa tsohuwarsu. Na saurara har aka kira la'asar.

Ya kunna rediyon, ya yi magana garau. Ya dube ni, ya ce in bar shi, in dawo Alhamis.

Zan koma. Rediyon kawai zan karɓo.