Ƙullin da mijina bai kwance ba

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisa mai wakiltar yankinmu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka yi mini afuwa da na tsayar da kai alhali aiki ya yi maka yawa. Ni ba mai yawan magana ba ce. Da Hausa na rubuta, 'yata za ta juya maka. Amma tun da na ji ana shirin dokar ƙwace zama ɗan ƙasa daga wanda ya samu ta rantsuwa idan kotu ta kama shi da laifi, na kasa zama wuri ɗaya.

Na farko. A wurinmu matafiyi ba ya ƙin saƙo, kuma abin kunya ne ya buɗe. Mijina, Malam Sani, zai dawo daga Kano, wata tsohuwa ta ba shi ƙulli ya kai wa ɗanta a nan garin Pleasant Garden, ta ce yaji ne da kuka. Da ya sauka a filin jirgin ƙasar nan aka tambaye shi ko akwai nama ko magani, ya ce babu. Da aka kwance, sai ga kilishi da ƙwayoyin ciwon gwiwa waɗanda ba a shigowa da su sai da takardar likita. Lauya ya ce ya amsa laifi a wuce wurin, ya amsa. Ban ce bai yi kuskure ba. Ya faɗi abin da bai tabbatar ba, ni ma na gaya masa. Ya kuma gama hukuncinsa.

Na biyu. Da alwala muka je rantsuwar nan ta zama 'yan ƙasa, don tun a makarantar allo muka san nauyin alkawari. Ba wanda ya ce mana aro aka ba mu. Da 'yar nan tawa, haihuwar nan garin Greensboro, ita ta ɗauko ƙullin, ai hukunci ɗaya ne a kanta. Me ya sa na ubanta zai zama biyu?

Na je wurin lauyoyi biyu a titin Gate City Boulevard. Ɗaya ya ce dokar ba ta shafe mu ba, ɗaya ya ce a jira a gani. To mahaifiyar Malam tana kwance a Kano, kullum sai ta tambaye shi. Ya haɗa jaka ya kwance ta sau nawa, yana tsoron ya fita daga ƙasar a rufe masa ƙofa.

Ina roƙonka ka faɗa mana ƙarara: wane irin laifi ake nufi, kuma dokar za ta waiwayi abin da ya wuce? In haka ne, kada ka sa mata hannu. Allah ya yi maka jagora, ya raya iyalinka. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, mahaifiyar Malam ba ta da lokacin jira.

Wassalam.
Rabi'atu, matar Malam Sani